Darna: ido yana kan teku, ruwa ya ɓullo ta bayan gari

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Daren jiya an yi ruwa da iska a nan Damagaram har kwanon maƙwabcina ya ɗaga, ni kuwa ban runtsa ba sai asuba. Ba ruwan nan ne ya hana ni barci ba, garin Darna na Libiya ne ya dawo mini a rai. Wasunku sun san a 2023 ina Libiya ina aikin birkila a garin Baida, can gabas a kan duwatsun da suke kira Jabalul Ahdar. Daga Baida zuwa Darna kamar kilomita 100 ne.

Tun ranar Asabar ake ta shela cewa guguwar da ta yi ɓarna a Girka tana tahowa, mai suna Daniyel. Aka rufe makarantu da shaguna, aka rufe tashoshin lodin mai na bakin teku, aka kafa dokar hana fita. Mai gidan da muke yi wa aiki ya ce mu ɗaure katako da rodi, mu rufe siminti da leda. Duk hankalin mutane yana kan teku. Kowa cewa yake igiyar ruwa za ta hau gari, masu gida a bakin gaɓa su tashi. Ranar Lahadi 10 ga Satumba ruwa ya sauko. Ni dai tun da uwata ta haife ni ban ga irinsa ba. A ce kamar da bakin ƙwarya ma an rage masa. Bai tsagaita ba, yini da kwana. Titin gabanmu ya zama kogi, motoci suna tafiya ba direba. Amma iskar, wallahi na ga wadda ta fi ta a farkon damina a nan gida. Ta karya itatuwa da falwayoyin lantarki, ta kwashe tankunan ruwa daga saman gidaje, iyakarta ke nan.

Wuta ta ɗauke, waya ta ɗauke. Sai ranar Litinin da yamma muka fara jin cewa Darna ta tafi. Haka Larabawan suke faɗa, ta tafi.

Abin da yake damuna shi ne har yau in aka tashi maganar sai a ce guguwa ta kashe dubban mutane a Libiya. Ni da nake wurin ban yarda guguwa ce ta kashe su ba. Masu ilimi a cikinmu su warware mini.

Hajiya Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, kai kuma barka da arziki Baban Ummi. Ban taɓa sanin kana can lokacin ba.

Auwalu Ɗalibi:
Baba, sannu da jimami. Ina da tambaya kafin manya su shigo. A makaranta an koya mana cewa irin wannan mahaukaciyar guguwa a manyan tekuna masu zafi take tashi, shi ya sa take addabar Amurka da su Kuba. To ya aka yi ta je Bahar Rum? Ita ce dai irin ta Amurka ko wata ce daban?

Injiniya Bala:
Auwalu ƙanena, tambayarka da ta Baban Ummi amsarsu ɗaya ce. A ƙa'idar masana yanayi, guguwa ba ta shiga sahun harikan, wato irin ta Amurka da kake faɗa, sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa. Daniyel ba ta kai ba. Hukumar yanayi ta Libiya ta auna kilomita 70 zuwa 80 a awa lokacin da ta hau tudu. Ka ga ke nan idon Baban Ummi bai yaudare shi ba. Irinta a Bahar Rum ana ce mata medikan, wato an haɗa sunan tekun da sunan harikan a bakin Turawa. Tana juyawa kamar ta Amurka, wani lokaci har da ido a tsakiya, amma ba ta kai ta girma da ƙarfi ba.

Makaminta ruwa ne. A bazarar 2023 saman Bahar Rum ya yi zafin da ba a taɓa auna irinsa ba kafin nan. Teku in ya yi zafi tururi yake bayarwa, iska mai ɗumi kuma ta fi ɗaukar danshi, kusan kashi 7 cikin 100 kan kowane digiri ɗaya. Ga shi kuma guguwar ba ta yi sauri ba, ta tsaya tana jan ƙafa kwana da kwanaki tana shan ruwa. A Girka, ƙauyen Zagora ya samu milimita 754 cikin awa 24, filayen noman Tesaliya suka zama tafki. Ta taɓa Turkiyya da Bulgeriya, sannan ta gangaro kudu ta hau tudu kusa da Bangazi. Da ta ci karo da duwatsun Jabalul Ahdar sai iskar ta hau sama, ta yi sanyi, ta juye abin da ta ɗauko.

A Baida inda Baban Ummi yake an auna milimita 414 a kwana ɗaya. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita. Wato ka auna fili taku ɗaya a tsaye taku ɗaya a kwance, ka juye masa duro biyu cike, haka a kan kowane taku na gari da daji da dutse. Kusan abin da Damagaram take samu a damina guda ke nan, aka sauke a yini da dare.

Baban Ummi:
Allahu Akbar. Duro biyu. Injiniya yanzu na gane me ya sa ramin fandishan da muka haƙa ya cika kafin la'asar. To amma ka ga a Baida an mutu, a Susa da Marj da Shahhat ma an mutu, sai dai ba a ko kusa da Darna ba. Ruwan da ya sauka a kanmu ya fi wanda ya sauka a kan rufin mutanen Darna. Nan ne maganata take.

Malam Habu Na Tsangaya:
'Yan'uwa, na ga inda maganar ta dosa, bari in ja hankali tun da wuri. Ajali idan ya zo ba a jinkirta shi ko da sa'a ɗaya. Ruwa rundunar Allah ce, iska rundunar Allah ce. Kuma waɗannan bayin Allah ba su yi asara ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ruwa ya ci shahidi ne, wanda gini ya faɗo wa shahidi ne. Mutanen Darna da yawa sun haɗa biyun. Ina jin tsoron yawan "da an yi kaza da ba a mutu ba", domin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gargaɗe mu cewa "da" tana buɗe ƙofar aikin shaiɗan. Mu yi musu addu'a, mu ɗauki wa'azi.

Maman Fanna:
Allah gafarta Malam, ban isa in yi jayayya da kai a kan hadisi ba. Amma bari in faɗi abin da na gani da idona. Ni a Gwange nake a Maiduguri. Daren 9 wayewar 10 ga Satumban 2024, shekara guda cif bayan Darna, madatsar Alau ta ɓalle. Mu ma cikin dare ne. Yarana uku, ƙaramar a goye, na biyun a kafaɗar babansu, babban yana riƙe da zanina, ruwa a ƙirji, duhu, ba ka sanin inda kwata take. Ruwan ya shiga fadar Shehu, ya shiga asibitin koyarwa, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga gidan zoo har ana gargaɗin mutane a kan kadoji da macizai. Katangar gidan yari ta faɗi fursunoni kusan 300 suka fice. Tsohuwar da muke haya a gidanta ba ta iya tafiya, samari ne suka ɗauke ta a kan ƙyauren ƙofa.

Malam, na yarda Allah ne Ya ƙaddara. Amma a ranar ba a yi wani ruwan sama a kan unguwarmu da zai kore mu daga ɗaki ba. Ruwan da aka tara aka ce ana tsare mana shi ne ya zo. Kuma iyayenmu sun ba mu labarin 1994, an taɓa yi. Idan na ba mutum ajiyar yarona ya bar shi a bakin rijiya ya faɗa, zan ce Allah Ya ƙaddara, in yi haƙuri da Ubangijina, amma shi mai ajiyar sai ya amsa tambaya. Shi ya sa duk lokacin da na ga hoton Darna sai jikina ya mutu. Mu ruwan a hankali ya hau, mun samu damar fita. Su ko damar ɗaura zani ba su samu ba.

Malam Habu Na Tsangaya:
Maman Fanna, Allah Ya mayar muku da alheri, Ya raya yaran. Ba mu saɓa ba, kuma kin tuna mini abin da ya kamata in haɗa tun farko. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. "Da" ɗin da aka hana ita ce ta mai baƙin ciki da yake tuhumar hukuncin Ubangiji. Tuhumar wanda aka ba amana ya yi sakaci kuwa shari'a ce ta zo da ita, har da diyya. Abin da nake gudu kawai kada mu yanke wa wani hukunci a kan jita-jita. In akwai hujja a kawo.

Injiniya Bala:
Akwai hujja Malam, kuma ba daga bakin 'yan adawa ta fito ba.

Darna gari ne mai mutum kusan 100,000, a matse tsakanin dutse da teku. Wani kwari ne ya ratsa tsakiyarsa, Wadi Darna, wanda yawancin shekara a bushe yake kamar ƙoramun da muke da su a Arewa da rani. Duk ruwan da ya sauka a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 500 a kan duwatsu, ta wannan kwarin kaɗai yake da hanyar zuwa teku. Garin ya sha ambaliya a 1941 da 1959 da 1968. Saboda haka a shekarun 1970 aka kawo wani kamfanin Yugoslabiya ya gina madatsu biyu. Babbar, Abu Mansur, tana sama kamar kilomita 13 daga gari, tana ɗaukar kubik mita miliyan 22.5. Ƙaramar, Al-Bilad, a bakin gari take, miliyan 1.5 kacal. Ba na kankare ba ne, tulin duwatsu ne da zuciyar yumɓu a tsakiya. Irin wannan gini yana da ƙarko in ana kula da shi, amma yana da maƙiyi ɗaya: kada ruwa ya haura ta samansa. Da zarar ya haura sai ya fara cin bayan bangon, cikin ɗan lokaci ya yanka shi kamar wuƙa.

Abin da ya faru ke nan wajen ƙarfe biyu zuwa uku na dare. Ta sama ta cika ta fashe, ruwanta ya gangaro ya tarar da ƙaramar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na girmanta ba. An ƙiyasta kubik mita miliyan 30 ne suka afka wa gari, da laka da duwatsu da motoci, tsayin ruwan a wasu wurare ya kai mita 7. Ya share gadojin da suka haɗa gabas da yammacin gari, ya tumɓuke benaye da mutanensu a ciki ya zuba a teku. Kusan rubu'in garin ya tafi.

Ga hujjar da Malam ya nema. Tun 1998 aka ga tsagewa a jikin madatsun. A 2007 aka ba wani kamfanin Turkiyya kwangilar gyara. Rahoton hukumar binciken kuɗi ta Libiya na 2021 ya ce an ware kuɗin kula da su a 2012 da 2013 amma ba a yi aikin ba. Mataimakin magajin garin da bakinsa ya ce rabon da a yi musu gyara tun 2002. A 2022 wani malamin Jami'ar Umar Mukhtar, Abdulwanis Ashur, ya wallafa bincike ya ce in aka samu babbar ambaliya ba a gyara madatsun ba, mutanen kwarin da na gari suna cikin bala'i. Shekara ɗaya tak tsakanin rubutunsa da abin da ya faru.

Kwamared Sabo:
Injiniya ka yi bayani amma ka tsallake giwar ka kama ɓera. Wa ya rusa Libiya? Ƙasar da ta haƙa kogin ƙarƙashin ƙasa ta janyo ruwa daga tsakiyar Sahara zuwa Tarabulus da Bangazi, ita ce za ta kasa gyara dam biyu? A 2011 NATO ta yi wa ƙasar ruwan bama-bamai, aka kashe Gaddafi, kamfanonin waje suka tattara suka gudu, har da masu kwangilar da kake magana. Tun daga 2014 gwamnati biyu, ɗaya a Tarabulus ɗaya a gabas, kowa da bindigarsa. Mu ma nan mun ɗanɗana, makaman da suka watsu daga can su ne suke kashe mu a Sahel. A wurina jinin mutanen Darna yana wuyan waɗanda suka wargaza ƙasar. Sannan hayaƙin masana'antunsu ne ya dumama tekun. Ta ko'ina ka bi, wurinsu za ka ɓulla.

Injiniya Bala:
Kwamared, rabin maganarka ba ni da ja. Yaƙi ya ci Darna fiye da yawancin garuruwan Libiya. 'Yan IS sun riƙe ta a 2014, wasu mayaƙan garin suka kore su a 2015, sannan dakarun Khalifa Haftar, madugun sojan gabashin Libiya, suka yi mata ƙawanya suka ƙwace ta da yaƙi tsakanin 2018 da 2019. Garin da yake cikin wannan hali ba mai hawa dutse ya duba bangon dam. Maganar zafin teku ma gaskiya ce, masana yanayi na ƙungiyar World Weather Attribution sun ce sauyin yanayi ya ninka yiwuwar irin wannan ruwa a Libiya har sau 50.

Amma duba shekarun da na kawo. Daga 1998 zuwa 2011 shekara 13 ne, Gaddafi yana kan mulki, kuɗin mai yana shigowa, tsagewar tana nan. Kuɗin 2012 da 2013 kuma ba NATO ce ta karɓa ba. Sannan a daren kansa, wa ya yanke shawarar a ce wa mutane su zauna a gida? An kwashe wasu daga bakin teku, aka bar waɗanda suke kwance a cikin hanyar ruwa. Shugaban hukumar yanayi ta duniya a lokacin, Petteri Taalas, ya ce da akwai tsarin gargaɗi mai aiki aka kwashe mutane, da an kauce wa mafi yawan mace-macen. Kwashe mutane daga gefen kwari zuwa kan tudu bai buƙatar kamfanin waje. Lasifikar masallaci da motocin gari sun isa.

Kwamared Sabo:
Na ji, kuma ban wanke na cikin gida ba. Amma ka lura da wa aka kama. Kotu a Darna ta ɗaure jami'ai 12 a Yulin 2024, daga shekara 9 zuwa 27. Ma'aikatan ruwa ne da na ƙaramar hukuma. Manyan da suke riƙe da gabas ba wanda aka taɓa, asusun sake gina garin ma a hannun ɗan Haftar yake, Belkasim. Mutanen garin da suka taru a harabar Masallacin Sahaba ranar 18 ga Satumba ba sunan ƙananan ma'aikata kaɗai suke kira ba, har da shugaban majalisar gabas Aguila Saleh. A daren suka ƙona gidan magajin gari. Kwana ɗaya bayan haka aka fara cewa 'yan jarida su bar garin.

Injiniya Bala:
A nan kam ba mu da saɓani.

Abu Hafsa Mai Wurno:
Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, hannuna ya kasa rubutu. Ni Bahaushen Sudan ne, daga Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Yaƙinmu ya tashi a Afrilun 2023. Ɗan yayata yana aiki a wata masaƙa a Khartum, da abin ya yi tsanani ya bi ta Kufra ya shiga Libiya, ya samu aiki a gidan burodi a Darna. Wata huɗu ya yi. Ranar Asabar ɗin nan ya kira uwarsa ya ce an ce guguwa za ta zo amma su suna nesa da teku, kada ta damu. Wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe da muka ji.

Sudanawa fiye da 200 aka tabbatar sun rasu a can. Misirawa ma haka, ƙauye ɗaya a Bani Suwaif ya rasa samari fiye da 70 a dare ɗaya. Waɗannan an san su ne domin an ga gawa ko takarda. Namu ba ya cikin lissafin kowa. Ya shiga ba biza, ba sunansa a littafin kowace hukuma. Ana cewa an tabbatar da mutuwar fiye da 4,000, wasu dubbai kuma ba a gan su ba, ni kuwa kullum tambayata, a cikin dubban nan an ƙirga irinsa? Uwarsa har yau ta hana a yi masa sadakar uku, ta ce ba ta ga gawa ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Abu Hafsa, Allah Ya ba yayarka haƙuri. Ya gudu daga wuta ya tarar da ruwa. Ni uwa ce, na san abin da ya sa ta ƙi sadakar.

Baban Ummi:
Ɗan'uwa Abu Hafsa, maganarka ta tayar mini da abin da ban so faɗa ba. Kwana biyar bayan abin, mai gidan aikinmu ya ɗebe mu a motarsa da shebur da diga muka tafi Darna, yana da 'yan'uwa a can. Hanyar bakin teku ta yanke, sai da muka zaga ta kudu. Abin da na fara gani shi ne teku ya koma ja kamar kunun kanwa, har inda ido ya kai. Tsakiyar gari kuwa fili ne fetal, mai gidan yana nuna mana yana cewa nan titi ne, nan bene mai hawa bakwai ne, ba ko tubali. Inda gine-gine suka tsaya, laka ta cika hawa na ɗaya, mota a kan baranda, katifu a kan wayar lantarki. Warin ba ya faɗuwa.

Kwana uku muka yi muna haƙa. Waɗanda muka ciro, wasu da kayan barci. Akwai baƙaƙen fata irinmu a ciki, ba wanda ya san sunansu, ba wanda ya zo nemansu. Ana naɗe su a bargo, a ɗauki hoto, a rubuta lamba, a kai Martuba inda aka haƙa manyan kaburbura da katafila. Teku kuma kullum da safe yana dawo da wasu.

Wani dattijo da muka taimaka wa ya ce mini sun ji ƙara kamar fashewar bam, ya ɗauka yaƙi ne ya dawo. Ya hau rufi da jikokinsa biyu don ya ga inda ake harbi, wannan hawan ne ya tsirar da su. Sauran gidan suna ƙasa.

Auwalu Ɗalibi:
Malam Habu, don Allah, binne mutane da yawa a rami ɗaya ba wanka ya halatta? Na kuma ji an ce hukumar lafiya ta duniya ta roƙi a daina.

Malam Habu Na Tsangaya:
Auwalu, a halin larura ya halatta. A Uhudu an haɗa mutum biyu da uku a kabari ɗaya. Idan wanka ba zai yiwu ba a yi taimama, idan ita ma ba za ta yiwu ba a yi salla a binne. Abin da masu lafiya suka ce kuma bai ci karo da addini ba. Cewa suka yi gawar wanda ruwa ya ci ba ita take kawo annoba ba, gurɓataccen ruwan sha ne abin tsoro, don haka kada gaggawa ta sa a binne mutum ba a ɗauki shaidar da za a gane shi ba. Ga Abu Hafsa nan, shi ne dalilin. Akwai matan da ba su san ko su yi takaba ba, akwai gadon da ba a san yadda za a raba ba. Hukuncin wanda ya ɓace babi ne mai tsawo a fiƙihu, kuma alƙali ne yake yanke shi.

Hajiya Mai Atamfa:
Injiniya, ni tsoro ne ya kama ni. Mahaifata a ƙasan madatsar Tiga take. Ina yarinya madatsar Bagauda ta ɓalle a 1988, na tuna yadda aka yi ta kwasar mutane. Irin wannan guguwar za ta iya zuwa mana?

Injiniya Bala:
Hajiya, guguwar teku ba za ta zo Kano ba, mun yi nisa da inda take samun abincinta. Amma kin ji daga bakin Maman Fanna cewa ba sai da guguwa ba. Tiga sa'ar madatsun Darna ce a shekaru, an gama ta a 1974 zamanin Audu Baƙo, ita ma ta ƙasa ce, ruwan da aka gina ta don ta riƙe kuma ya kusa kubik mita biliyan 2. Ba ina cewa tana da matsala ba ne. Tsufa kaɗai ba ya kayar da dam, akwai waɗanda suka haura shekara 100 suna aiki. Abin da ake dubawa sanannu ne: ko ruwa yana tsattsafowa ta bayan bango, musamman in ya fito da launin ƙasa, ko bango ya zauna ko ya tsage, ko itatuwa da gara da ɓeraye sun yi gida a jikinsa, ko mafitar rarar ruwa ta toshe, ko ƙofofin suna buɗuwa. Mutanen ƙauyen da suke kiwo da su a wurin sukan riga injiniya gani. In sun gani su kai wa mai unguwa da dagaci a rubuce, su ajiye kwafi. Kuma kowane gida da yake ƙasan dam ya san tudun da zai nufa cikin duhu, ya san wa zai ɗauki tsoho wa zai ɗauki yaro.

Maman Fanna:
Wannan na ƙarshen shi ne gaskiya. Mu a daren rabin unguwa gada suka nufa, alhali can ne ruwan ya fi ƙarfi. Yanzu takardun makarantar yara da katin asibiti suna cikin leda a saman durowa, daga Yuli har Oktoba ba na sauke su.

Abu Hafsa Mai Wurno:
Baban Ummi, hotunan nan da lambobin da ka ce ana ɗauka, a hannun wa suke? Akwai inda mutum zai je ya duba?

Baban Ummi:
Akwai hukumar Libiya mai neman waɗanda suka ɓace da tantance gawarwaki. Su ne suka riƙa tono waɗanda aka binne cikin gaggawa suna ɗaukar samfurin ƙashi, suna kuma karɓar na dangi don a gwada. Na uwa ko uba ko ɗan'uwa na jini suke so. Tun da yayarka ba za ta iya zuwa ba, ku fara da ofishin Red Cross ko Hilal Ahmar mafi kusa da ku, suna da sashen neman dangin da suka ɓace, kuma ba a biyan ko sisi. Ku tafi da hotonsa, da cikakken sunansa har kaka, da duk wata alama ta jiki, tabo ko karaya ko haƙorin da ya fita.

Ina da abokin aiki Basudane da har yanzu yake Baida, yana shiga Darna saro kaya. Turo mini sunan yaron da sunan unguwar da gidan burodin yake ta akwatin sirri, kada ka sa a nan. Yau da daddare zan kira shi in Allah Ya yarda.

Abu Hafsa Mai Wurno:
Na tura. Yana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, tun yana yaro. Ban faɗa wa uwarsa ba tukuna, sai na ji daga gare ka.